Kujerar Inna a Jirgin Yamai

Jirgin da ke zuwa mana Tawa daga Yamai mai farfela biyu ne, fukafukansa a bisa kamar an aza masa su a kafaɗa. Mahaifina ya yi shekaru yana zuba masa mai. Yakan ce bayan yaƙin duniya aka ƙera irinsa, don ƙananan filaye irin namu. Injinsa ba ya tari da hayaƙi kamar na jiragen zamanin da, sai wani dogon fito mai shiga har cikin haƙori. Ƙasashe sun yi ta morarsa suna sayarwa kafin ya faɗo hannunmu, amma Baba bai yarda a kira shi tsoho ba.

Shekarar da ciwon ƙoda ya kwantar da Inna, likita ya ce a kai ta Yamai, kuma ba za ta jure girgizar mota ba. Muka sai da saniya a kasuwar Barmu, muka yanki tikiti biyu, nata da nawa.

Ranar tafiya muka shimfiɗa mata tabarma a inuwa a filin jirgi. Jirgi ya sauka, aka fara kiran suna. Sai ga mota ta shigo har bakin fili da wani babban ma'aikaci da surukinsa. Mai kiran suna ya tsallake namu, ya ba su kujerunmu.

Baba ya je wurinsa. "Ɗana, ga takardunmu. Matar nan ba ta da lafiya."

"Baba, ka yi haƙuri, umarni ne daga sama. Sai wani satin."

"Wane sama? Ni na zuba man da zai ɗaga su yanzun nan!"

Mai kiran suna ko kai bai ɗago ba. Ina kallo aka loda musu buhunan albasa na tsaraba, aka rufe ƙofa. Iskar farfela ta watsa wa Inna tsakuwa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ku kai ni gida."

Ba mu jira satin ba. A bayan motar kaya muka tafi washegari, kanta bisa cinyata, tana cije leɓe a kowane rami. Allah ya yi da sauran kwananta, ta ƙara shekara huɗu. Baba kuwa ya ajiye aiki, bai sake taka filin ba.

Babban ma'aikacin nan har ya mutu yana gaishe mu a wurin suna da jana'iza, bai ma san abin da ya yi ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.