Ramin da Babana Ya Haƙa

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu ta Congo-Russia, mu uku a tsohuwar motar abokina, wadda ke tashi da turi ta tsaya da addu'a. Hutun damina ne, makaranta a rufe, amma na ɗauko aikin da ya fi duba takardun jarrabawa nauyi. Babana ya yi ƙuruciyarsa yana leburanci a wani ramin kuza can bayan Kuru. Yanzu ƙafa ta ƙi, ido ma ya fara sallama, likita ya ce ganin da ya rage masa ba shi da yawa. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kawo masa hoton ramin, ya ga abin da ya zama.

Titin Bukur lafiya lau. Daga Kuru muka gangara kan jar laka, motar ta kama rawa ba kiɗa. A bakin hanya muka karya da gwaten acca mai zafi da gasasshiyar masara. Masarar da daɗi, kuɗinta kuwa sai ka ce ita ma ta yi digiri.

Daga nan muka shiga dajin itatuwan turare, dogaye, a jere kamar ɗalibai ranar da sufeto zai zo. Tsakaninsu ga tsofaffin gidajen Turawan kuza, ginin dutse, kowanne da bututun hayaƙinsa. A gidan da na tabbata na manaja ne, wani bunsuru muka tarar a baranda, kuma ya riƙe muƙamin da mutunci. Abokiyar tafiyarmu, malamar labarin ƙasa, ta yi ta ɗaukar hoto har muka ja ta.

Ramukan duk sun zama tafkuna, wani kore, wani shuɗi. Alamar da Baba ya ba ni ita ce duwatsu biyu da suka jingina da juna a gefen ruwa. A tafki na huɗu muka gan su. Hadari kuwa ya fara haɗowa daga gabas.

Nan na tafka kuskurena. Na fito da rigar ruwa ruwan ɗorawa, da littafi a hammata, na kafa sandar kyamara mai ƙafa uku a gefen gonar kabeji, ban ce wa kowa sannu ba. Kafin in saita, manoma sun kewaye mu, kowa da fartanyarsa. A wannan yanki, abu mai ƙafa uku na masu awon ƙasa ne, kuma bayan awo sai turakun siminti, bayan turaku sai gona ta tafi.

Wani dattijo ya ce, "Oga, wa ya aiko ku? Wannan gona na kakana ne."

Ni da nake rage wa yara maki kan rashin gaisuwa! Na naɗe sandar, na cire hula, na durƙusa, na faro daga farko: kwana, iyali, damina, har kabejin sai da na tambayi lafiyarsa. Sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Dattijon ya ce, "Babanka ya haƙa nan? Ai da ruwan nan muke noman rani. Ɗauka, ɗana. Amma mai ƙafa ukun nan ya koma mota."

Haske ya ragu, ga shi ba sandar da zan ɗora kyamara. Dattijon da kansa ya jawo buhun dankalin Turawa zuwa bakin ruwa, na ɗora kyamara a kai, na kwanta rub da ciki a laka. Iska ta ɗauke. Hoton duwatsun da itatuwan ya fito cikin ruwan sak, fararen shanun wani makiyayi suka gangaro sha a ɗaya gaɓar. Na danna sau uku, aka kece da ruwa. Na biyun shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka.

Da la'asar muka iso gida jiƙe sharkaf. Tafiyar ta koya mini cewa a ƙasar mutane gaisuwa ake fara saitawa, sannan kyamara.

Washegari na wanko hoton da girma. Baba ya matsa jikin taga, ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana bin gaɓar da yatsa.

Ya ce, "Ta nan muke hawowa da kwano a ka." Sai ya yi dariya har da tari. "Ashe tafki muke haƙa wa jikokinmu, Bature yana can yana zaton kuza yake kwasa."