Shagon Yaya da ke Kusa da Tasha

Yayana ne ya fara kawo sana'ar sayar da sunayen shafukan intanet a Tambuwal, ko dai shi ne na farko da na sani. Mu 'yan Kebbe ne. Aikin koyarwa ya kai ni Tambuwal, na sauka a gidansa, kuma idan na tashi daga makaranta nakan biya shagonsa da ke kusa da tasha in taya shi buga takardu. Ba shi kaɗai ba ne a shagon. Akwai amininsa, wanda suka yi firamare tare, suka yi sakandare tare, har Innarmu tana cewa 'ya'yanta maza biyu ne a Tambuwal.

Ranar da ya yi ƙoƙarin yi wa Inna bayanin sana'ar, sai da muka yi dariya har da hawaye. Ya ce mata kamar rumfar kasuwa ce: mutum ya kama, a rubuta sunansa a kai, duk mai nemansa a duniya ya same shi a nan, amma kowace shekara sai ya sabunta, in ba haka ba wani ya kama. Inna ta ce, “To ina rumfar take?” Ya ce tana cikin waya. Ta dube shi ta ce, “Kai dai ka riƙa noma ko kaɗan ne.”

Yadda abin yake, akwai wani babban dila a Legas da Yaya yake sari a wurinsa. Gwargwadon yawan abin da ka saya, gwargwadon ragin da za a yi maka. Shi kuma ya ɗora 'yar riba ya sayar wa masu makarantun kuɗi, da masu shagon magani, da ƙungiyar manoman albasa. Ba sunan kaɗai yake ba su ba. Yakan hau babur ya tafi Dogon Daji ko Fakku ya ɗauko hotunan azuzuwa da buhuna, ya dawo ya shirya musu shafin da hannunsa. Idan lokacin sabuntawa ya gabato, shi yake kiran mutum ya tuna masa. Aminin nasa shi ne mai baki, shi yake shawo kan mutane. Yaya kuwa ba ya son magana, aikin yake so.

Sai dala ta fara hawa. Dilan ya sake tsari, ragin ya koma na masu saye da yawa, irinsu Yaya da ke garuruwa aka bar su da farashin da bai bambanta da na kowa ba. A daidai lokacin wasu sababbin kamfanoni suka fito da wata dabara: shekarar farko kusan kyauta, sai a ta biyu su ninka.

Ina zaune ina buga jarrabawar wata makaranta suka yi maganar da ta raba su.

Aminin ya ce, “Mu koma wurin sababbin kamfanonin ga. Kowa can ya nufa. In munka tsaya, wani za ya zo daga Sakkwato ya kwashe muna mutane.”

Yaya ya ce, “To baɗi fa? Mi za mu ce musu baɗi?”

“Baɗi Allah na nan.”

“Allah na nan, amma ni za su tare a masallaci. Abin da nika gudu ke nan.”

Ba su ɗaga murya ba. Aminin ya ɗauki hularsa ya fita. Bayan 'yan makonni ya kama shago a tsallaken titi, inda muna iya hango shi daga ƙofarmu, ya rataya babban kyalle mai ɗauke da sabon farashinsa.

Mutane suka fara tsallakawa. Ba na ganin laifinsu, kowa yana fama da tsadar taki da mai. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani dattijo mai makarantar Islamiyya, wanda Yaya ya sha yi wa aiki kyauta. Ya shigo ya zauna, suka gaisa doguwar gaisuwa, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Yaya ne ya sauƙaƙa masa. Ya ce, “Malam, lambar sauya wuri kaka so ko? Ba komi, ga ta.” Ya rubuta masa lambar da za ta ba shi damar mayar da shafinsa shagon tsallake, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya zauna gaban kwamfuta, na ga hannunsa a kan madannai amma ba ya buga komai.

Abin bai tsaya a shago ba. Matansu, waɗanda suke aika wa juna tuwo, suka daina. Da sallar layya ta zo, ba wanda ya aika wa wani nama. Inna ta tambaye ni abin da ya haɗa su, na rasa yadda zan yi mata bayani, na ce kasuwa ce.

Shekara ta zagayo, abin da Yaya ya hango ya faru. Mutane suka cika shagon tsallake suna faɗa. Na zaci Yaya zai ji daɗi, amma bai ji ba. Ranar ma da wuri ya rufe shago don kada ya gani. Kuma ba su dawo wurinmu ba, sai ƙalilan. Yawancinsu cewa suka yi me za su yi da shafi, tunda ga dandalin sada zumunta kyauta a waya. Waɗanda suke so kuma suka gane za su iya saye kai tsaye daga kamfanin, ba sai da ɗan tsakiya ba. Haka shagunan biyu suka zauna suna kallon juna babu kowa a ciki.

Yaya ya sayar da injin buga takardu da janareta, ya kwashe iyalinsa ya koma Kebbe, ya kama gonar Babanmu. Kwamfuta ɗaya ya riƙe saboda 'yan mutanen da suka rage masa. Yakan hau tudun bayan gida inda sabis ya fi ƙarfi ya yi musu abin da suke bukata. Damina ɗaya ya yi da lafiya. A ta biyu ƙafafunsa suka fara kumbura, aka kai shi asibiti a Sakkwato, aka ce ƙoda ce.

Ina Kebbe hutun makaranta sai ga aminin a kan babur, taɓo har gwiwa, da ledar lemo a rataye. Ya tsaya a zaure ya kasa shigowa. Inna ce ta fita ta ce, “Yau kuma sai an yi maka iso gidanku?” Ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, bai iya ɗago kai ba.

Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗaki. Na yi tsammanin za su tayar da maganar, amma ba wanda ya taɓa ta. Hirar wani malaminsu na lissafi suka yi, da ranar da suka faɗa gulbi da keken aro. Yaya ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai da aminin ya tashi tafiya Yaya ya ce a miƙo masa kwamfutar.

Ya ce, “Mutanen ga da sunka rage, ka riƙe su. Ka riƙa kiransu kafin lokaci, mantuwa gare su.”

Aminin ya ce, “Kai za ka kira su da kanka in sha Allahu.”

Yaya ya ce, “To. Amma ka tafi da ita.”

Ya rasu ana yankan gero. Aminin ne ya shiga kabari ya karɓe shi tare da ƙanen Babanmu, kuma ya zauna a ƙofar gida har aka tashi daga zaman makoki. Yanzu cajin waya yake yi a shagonsa da cire wa mutane kuɗi, sunayen kuwa don alkawari kawai yake riƙe da su.

Wayar Yaya tana hannuna, ban cire layin ba. Watannin baya wani mutum ya kira daga Jega, ya ce shekarun baya Yaya ya buɗe wa shagon ɗinkinsa shafi, yanzu ya buɗe reshe na biyu, yana so ya zo ya ɗauki hotuna. Yana ta magana da murna, yana kwatanta mini kekunan ɗinkin da ya sayo. Na bar shi ya gama, sannan na faɗa masa. Ya yi salati. Ya tambayi ko ya bar yara, na ce uku. Ya ce in kwatanta masa gidan, zai zo ranar Juma'a. Ya kuwa zo, ya ɗinko wa kowannensu kaya, na ƙaramar ya yi mata yawa kaɗan.