Gwiwar Sarkin Noma

Wada dai ba a haife shi da rawani ba, amma wanda ya ga tafiyarsa zai rantse ungozoma ce ta naɗa masa. A tsohon garinsu, wanda yanzu tarwaɗa ke yawo a tsakar gidajensa, ya taɓa ɗaure damin dawa dubu a damina guda, aka yi masa kiɗa, aka kira shi Sarkin Noma. Tun daga ranar wuyansa ya sandare. Ko dagaci zai gaisar, sai ya ɗan rage tsawo kamar mai leƙa rijiya, shi ke nan an gama.

Da aka datse ruwa a Tiga, aka kwashe su aka zuba a kan tudu a ƙasar Bebeji. Maza suka shiga neman abin yi, wasu kamun kifi, wasu kiwo. Wada kuwa zama ya gagare shi. Da safe yana bakin ruwa yana nuna wa iska inda gonarsa take. Da rana yana kasuwar Kafin Maiyaki yana damtsar dawar mutane yana kushewa. Da la'asar ya dawo ya zagaya rumbunsa, wanda ko ɓera ya daina ziyarta.

Ana haka aka raba filayen noman rani, aka ba shi nasa da irin alkama. Sharaɗi ɗaya ne: ruwa na zuwa layinku ranar Talata, wanda ya bar shukarsa ta bushe a karɓe filin a ba wani. Wada ba shi da wata ƙasa a duniya sai wannan.

Malamin gonan da aka turo musu mutumin Indiya ne, siriri, sunansa Mohan, ya daɗe a Kano har Hausa ta kama bakinsa. Kullum kafin ya taɓa aiki sai ya tuɓe takalmi, ya kamfaci ruwa da tafin hannu biyu, ya ɗaga gabas yana motsa baki, ya mayar. Mata suka ce rana yake gaisarwa.

Shi ya nuna musu yadda ake jawo ruwa daga magudana da lanƙwasasshen bututun roba. Ka durƙusa a taɓo, ka nutsa bututun har ya cika, ka toshe bakinsa da tafi, ka tsallako da shi gaɓa, ka kai shi ƙasa sosai, sannan ka saki. Kowa ya durƙusa. Wada ya tsaya da babbar riga.

"Baba Sarki, sauko ka gwada," in ji Mohan.

"Yaro, ina noma tun uwarka ba ta san hanyar rafi ba. Ba ni bututun nan."

Ya tsoma bututun daga tsaye, ya fizgo. Bututu ya yi gyatsa, ya tofa masa ruwa a ƙafa, ya yi shiru. Sau bakwai. Sunusi maƙwabcin filinsa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Talata ta biyu Wada ya zo da tasa dabarar. Ya ɗauki garma ya sare gaɓar magudanar, yadda yake fasa kunya da damina in ruwa ya kwanta. To wannan ba ruwan sama ba ne, ruwan kogi ne da aka ɗaure shekara guda yana neman hanya. Ya kwashe rabin shukar Wada, ya bi ta kan tumatirin Sunusi, ya bar sauran filin a bushe ƙayau. Mutum goma suka wuni suna toshewa.

Mohan ya same shi a gefe, taɓo har wuya. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, Talata mai zuwa ita ce ta ƙarshe. In alkamar nan ba ta sha ba, ba ni da bakin da zan hana a karɓe filin." Ya matso kusa da shi. "A addininmu ana cewa babban ɓarawon mutum shi ne 'ni na yi'. Aiki kuwa ka yi shi kamar kana miƙa wa Ubangiji, ka cire kanka a ciki. Ni ma kullum sai na tuna wa kaina da safe, don ina mantawa."

A gida Wada ya kasa cin tuwo. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo.

"Wai mai girmama saniya ne zai yi mini wa'azi, Tasalla."

Tasalla matarsa tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ai liman ma abin da ya faɗa ke nan ranar Juma'a, Malam. Ba ka ji ba ne, kana gyaran rawani. Kuma gwiwar nan da kake ɓoyo, sau biyar take taɓa ƙasa kullum. Ko can ɗin ma rage tsawo kake yi?"

"Ki iya bakinki."

"Na iya. Tuwon sarauta ne ban iya tuƙawa ba."

Kwana shida yana sintiri tsakanin gida da fili, yana kallon ganyen alkama na naɗewa. Ranar Talata ya fito da ɗan bante da taguwa, ya bi ta bayan gari don kada a gan shi, ya tarar kowa na nan. Ya durƙusa. Gwiwar ta yi ƙara har Sunusi ya ce, "Sannu, Sarki." Gwajin farko ruwan ya zube. Na biyu ma. Mohan ya durƙusa kusa da shi, ya danna masa hannu ƙasa, ƙasa dai, har haɓarsa ta kusa taɓa laka. Ruwa ya kama, ya shiga bin kunya yana sheƙi.

Rabin alkamar ta tashi, filin ya zauna a hannunsa. Shekara goma sha biyu ya yi yana nomansa, kuma duk sabon manomin da ya zo, Wada ne ke kama masa wuya ya danna shi cikin taɓo, yana cewa, "Sauka, ɗan nan, sauka. Ni da na ƙirƙiro dabarar ma sai da na sauka."