Muntaka Rabin-Kai da Gemun Fada

Duk wanda ya ci kasuwar Ɗinyar Kudu a shekarun baya ya san labarin ranar da aka soya wa Muntaka wanzami waina gefe ɗaya. Da hantsi ne ya zaunar da Kamilu, mijin taubashiyarsa Safara'u, a kan tabarma. Ya jiƙa masa kai, ya aske ɓangaren dama tas daga goshi har ƙeya, sai ya jiyo hayaniya daga wajen 'yan awaki. Shi kuwa Muntaka in ya ji faɗa, ƙafarsa ba ta shawara da shi. Ya ce da Kamilu, "Riƙe kanka, ina zuwa," sai ka ce kan ne zai gudu. Bai dawo ba sai bayan azahar. Kamilu, bawan Allah mai kunya, ya kifa hula a kan rabin suma, ya bi ta bayan rumfuna ya sulale gida.

Washegari Muntaka ya tsuguna gaban tandar Safara'u zai karya. Ta zuba ƙullu, ta bari ƙasan ya yi ja, ta kwashe ba ta juya ba, ta miƙa masa.

"Mene ne haka, Safara'u? Saman nan ai ɗanyen ƙullu ne."

"Ci gefen da ya nuna. Ɗayan riƙe shi, ina zuwa."

"Ke, ni abokin wasanki ne?"

"Kai ne mana, tun ran da gwaggo ta haife ka."

Ya miƙe ya tara mutane, ya rantse kai daban waina daban, gashi ai yana iya jira. Safara'u ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni na kwana da maza biyu a kan matashi guda. In na duba ta dama in ga ango, in na duba ta hagu in ga mahaukacin kasuwa. Ci wainarka, Rabin-Kai." Kasuwa ta kwashe da dariya. Haka ya zauna ya cinye, ƙullu yana bin gemunsa, sunan kuma ya bi shi har yau.

To amma kada a raina shi. A ƙauyukan nan namu na tsakanin Bici da Makoda, wanzami gadonsa ake yi kamar gona. Ubansa ya aske uban gida, shi ya aske ɗa, in an haihu shi zai yi wa jariri askin suna, in kaka ta yi a aika masa da daminsa na gero. Muntaka ya gaji zabirar ubansa da gidajen ubansa, kuma Allah ya yi masa hannu. Yakan aske jariri yana barci bai farka ba. Kunnen nan nasa mai jiyo faɗa daga nesa, shi ne kaɗai ciwonsa, kuma shi ya kai shi ya baro.

Wata farkon damina yana aski a gindin kanya a bakin gonaki, sai Malam Isyaku da maƙwabcinsa suka kaure a kan gambar iyaka. Gonakinmu a matse suke kamar haƙora, taku guda na ƙasa yana iya raba zumunci. Gonar ba ta Muntaka ba ce, gambar ma ba tasa ba ce, amma ya bar kai a jiƙe ya nufi wurin da aska a buɗe a hannu. Isyaku ya ce, "Kai kuma wa ya kasa da kai?" Magana ta jawo magana, aka shiga ture-ture, sai ga rabin kunnen Isyaku a kan kunyar gona. Aka je gaban alƙali. Aka kai Muntaka gidan yari, wanda yanzu aka yi wa kwalliyar suna ake ce masa gidan gyaran hali, ya yi 'yan shekarunsa.

Da ya fito, garin da ya bari ba shi ya tarar ba. Ruwa ya ci ɗakinsa. Matarsa alƙali ya sawwaƙe mata, ta yi aure a Tofa. Wansa a tsaye ya amsa masa gaisuwa. Gidajen gado kuwa wani wanzami mai babur daga Makoda ya kwashe manya, samari kuma suka koma shagon mai injin aski. Safara'u ta so ta ba shi zauren gidansu, to amma ɗanta Munir bai daɗe da auren Ramlat ba, Ramlat kuwa 'yar Malam Isyaku ce ta cikinsa. Ka ga ba a ajiye kura a zauren da mai akuya yake shigowa gaisuwa.

Can tsallaken rafi akwai 'yan gidajen Hausawa Kirista, 'yan Katolika, da ƙaramin cocinsu mai rufin kwano. Limaminsu, Fada Istifanus, ɗan ƙauyukan nan ne, da gero ya girma kamar kowa. Yakan je ziyara gidan yari, ya sha ganin an saki mutum ya tsaya a bakin ƙofa da leda a hannu bai san gabas ba bai san yamma ba. Shi ne ya sa cocinsu ta yi karo-karo ta gina jerin ɗakuna a bakin hanya, da rijiya da 'yar gona a baya, don wanda ya fito ya rasa masauki ya zauna har ƙafarsa ta kama ƙasa. Ƙofofin duk sakatarsu ta ciki ce. Fada ya ce mutanen nan sun gaji da ƙofar da ake rufewa ta waje.

Ran da ya nuna wa Muntaka ɗakinsa, Muntaka ya toge a bakin ƙofa.

"Fada, ni fa Musulmi ne."

"To ni na ce ka daina? Ga buta can, ga tabarma, gabas kuma tana nan inda ka bar ta."

Gari dai ba ya rasa abin faɗi. Aka ce Rabin-Kai ya koma ɗan coci, alhali kullum yana ƙarshen sahu a masallacin tsallake, inda na kusa da shi yakan ɗan matsa kaɗan kamar wanda ya ga kunama. Wannan bai dame shi ba kamar zabira. Kullum da safe sai ya wasa aska, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidan, ya zauna. Masu babura su wuce, masu jakuna su wuce, kowa da sumarsa kamar sheƙar tsuntsu, babu mai tsayawa. Wa zai miƙa wuyansa ga askar da ta ci kunne? Wanzamin da babu kai a gabansa kuwa, da shi da mai zaman kashe wando duk ɗaya. Ya san in gidajen ubansa ba su dawo ba, to ɗakin nan na aro shi ne gidansa har kabari.

Fada ya ce shi zai buɗe kasuwa. Ranar kasuwar Ɗinya ya zo ya zauna a tabarmar, a idon duk mai wucewa. Matsalar guda ce: kan Fada sanƙo ne tun daga goshi har ƙeya, in rana ta doke shi sai ka kare ido. Muntaka ya jiƙa, ya bi da aska a kan abin da babu, ya goge. Safara'u da ta kawo masa waina ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Fada, wannan ai sharar masallaci ce bayan an share. Ko ni na iya aske ƙwarya. In kana so mutane su yarda, kawo inda ake tsoro."

Fada ya yi dariya har hawaye. Daga ranar ya daina taɓa haɓarsa. Mutanen cocinsa suka yi ta tambaya ko lafiya, shi dai ya ce noma yake yi. Da gemu ya taru, ya dawo ya zauna, ya ɗaga haɓa sama, maƙogwaro a fili, ya rufe ido. Ranar har masu babura sun kashe inji.

Kuma Fada ba ya zama shiru. Da aska ta hau sai ya tsokano gardama: wai dawa ta fi gero, wai wanzaman Makoda sun fi na Ɗinya hannu. Muntaka ya cika ya batse, ya ɗaga aska zai yi bayani, sai Fada ya kama bakin rigarsa ya ce, "Gama tukuna." Wata rana 'yan acaɓa suka kaure a bakin hanya, ƙafar Muntaka ta miƙe da kanta, gemu rabi a aske. Fada ya riƙe riga. "Gama tukuna. Faɗa ba ya ƙarewa a duniya, za ka samu wani." Haka aka yi ta yi, gemu ya tsiro a girbe, ya tsiro a girbe, kamar yakuwar bayan ɗaki. Sauran mazauna gidan suka fara ba shi kawunansu, sai wani tsoho mai kiwon tumaki, sai almajiran hanya na noman ƙodago. Amma gidajen gado shiru.

Ana nan Ramlat ta haihu, mace. Gidan Kamilu kuwa yana cikin gidajen uban Muntaka, don haka askin sunan nasa ne in ana bin gado. Kamilu ya fara inda-inda, wai ko a kira mai babur saboda surukai. Safara'u ta ce, "Uban Muntaka ne ya aske ka, Muntaka ya aske Munir. Rabin kan da kake binsa ma bai biya ba. Shi zai yi." Sannan ta tsallaka rafi ta same shi.

"Rabin-Kai, na sa wuyana. Duk masu gidajen ubanka za su zo sunan nan. In ka kuskura ka ɗiga wa jikata jini, ko ka bar min ita da rabin suma, ka ɗauki zabirar nan ka ba Fada ya riƙa zuba goro."

Ranar suna da safe aka raɗa wa yarinya Khairiyya, aka raba goro, aka yi addu'a. Safara'u ta zauna a zaure da jaririya a cinya, Muntaka ya tsuguna, ya jiƙa kan da ruwan ɗumi, ya yi bisimilla. Ya gama gefen dama ke nan sai ga Malam Isyaku ya kutso, hula a karkace wajen guntun kunnen. Ashe ba a gaya masa wanda zai yi askin ba.

"Wa ya ba ɗan fursuna jikata? Kamilu, da ranka? Mutumin da yake kwana a gidan Fada! Kai, Rabin-Kai, da kai nake! Ajiye askar nan ka fito in kai namiji ne!"

Muntaka ya ji abin nan ya taso masa daga tafin ƙafa, gwiwarsa har ta fara ɗagawa. Fada yana can tsallaken rafi, babu mai kama masa riga. Ya dubi ɗan kan da yake tafin hannunsa, gefe fes gefe baƙi, maɗiga tana bugawa a hankali. Ya mayar da gwiwa ƙasa. Isyaku ya zagi zabira, ya zagi wanda ya ɗinka ta, ya tono gambar da tuni ta zama zana ta ruɓe. Aska dai tana tafiya, a hankali, ta bayan kunne, ta ƙeya. Khairiyya ta yi hamma ta ci gaba da barcinta. Safara'u ta juya kan ta duba ko'ina kamar mai sayen ƙwarya, ba ta ga ko ƙwarzane ba, ta rangaɗa guɗa.

Isyaku bai sauka ba. "Ka yi shiru don ba ka da ta cewa!"

Amsar da ya samu ita ta kashe maganar, don dattawan da ke zaure sai da suka riƙe ciki, shi kansa Isyaku hannunsa ya kai kunne kafin ya ankara. A kakar nan damman geron gidajen gado suka koma tsallaka rafi, kuma kafin wata damina Muntaka ya tayar da ɗakinsa ya bar wa wani sabon fitowa ɗakin aron. A ranar sunan dai, Muntaka ya goge aska, ya naɗe ta, ya sa a zabira, sannan ya ɗago ya ce:

"Malam Isyaku, wancan karon da na bar aski na amsa maka, da kunne biyu ka zo, ka koma da ɗaya da rabi. Yau na zauna na gama aikina. Shafa ka ji, ɗaya da rabinka suna nan?"