Layin da Na Ja a Jurf

A shekarar da matata ta rasu aka sa ni cikin kwamitin sake yanka unguwanni. Ban nema ba, ban kuma ƙi ba. A lokacin ko cewa aka yi in je in ɗauko dutsen Uhudu, "to" zan ce, in je in tsaya a gindinsa. Abinci ma sai na ga kwano a gabana nake tuna cewa ana ci. Ina tashi, ina tuƙa motar wankin otal-otal da nake aiki da ita, ina dawowa, shi ke nan.

Mu Hausawan Madina muna da wani tsari da muka tarar. Ba na hukuma ba ne, namu ne mu kaɗai. Kowace unguwa tana da wakili, ana zaɓensa da ɗaga hannu duk bayan shekara uku, idan alhazai sun watse. Wakili ba shi da albashi. Shi ake bugawa idan an yi rasuwa. Shi ya san ofishin da za a fara shiga da wanda za a ƙare da shi, shi ke tara mutane su raka gawa Harami, daga can a wuce maƙabartar Baƙi'a. Wanda ya taɓa tsayawa da takardar mamacinsa a hannu bai san ƙofar da zai dosa ba, ya san darajar wakili.

Unguwanni huɗu aka yanka, tun zamanin da yawancinmu ke zaune dab da Harami. Daga baya aka rushe tsofaffin gidajen aka gina otal-otal, jama'a suka watse, wasu Harra ta Yamma, mafi yawa Jurf. Amma ranar zaɓe kowa unguwarsa ta dā yake komawa. Sai ka ga mutum ya shekara ashirin yana kwana a Jurf, amma yana ɗaga hannu da sunan lungun da yanzu wurin ajiye motoci ne. Ita kuwa Jurf, da ta cika maƙil da sababbin zuwa daga Sudan da Chadi, wakili ɗaya tal gare ta. Ana nan sai wani tela ɗan Chadi ya rasu. Wakilin Jurf yana fama da wasu rasuwowi biyu, gawar ta yi kwanaki a asibiti babu mai bin takardunta, matarsa kuma ba ta san kowa ba. Wannan ne ya tayar da maganar.

Taron jama'a ya yanke cewa unguwanni huɗu za su zauna huɗu, amma kowa zai yi zaɓe a inda yake kwana. Ma'ana, unguwar tsakiyar gari, da gidajen da suka rage mata ba su cika yatsun hannu ba, za ta shige cikin Harra, Jurf kuma a raba ta biyu. Aka ce a samo mutum uku da ba za su tsaya takara ba, kuma babu ɗan'uwansu da zai tsaya, su ja layin, abin da suka ja ya zauna. Aka zaɓi wani mai gyaran lantarki ɗan Sudan, mai saurin fushi da saurin hucewa. Aka zaɓi wani malamin makaranta, haifaffen nan, jikan alhazan da suka zo da ƙafa, yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa Larabci ce. Na uku ni ne. An ce don na san tituna. Ni dai na san dalilin gaskiya: ba ni da kowa, babu wanda za a ce na yi wa son kai.

Sai dai ina da wani, jama'a ne suka manta. Wakilin tsakiyar gari tsoho ne, kowa Baba yake ce masa, tun kafin in zo ƙasar yake riƙe da aikin. Gidansa ma an rushe, yana zaune wurin 'yarsa a Jurf. Matata 'yar tsohuwar unguwarsa ce. Ranar da ta rasu ban buga masa ba, wani ne ya gaya masa. Ya zo da sandarsa, ya karɓi takardun daga hannuna, ya ce, "Zauna, ɗana, wannan ba aikinka ba ne yau." Ya yini yana hawa bene yana sauka, ni ina zaune a kan benci kamar kayan da aka ajiye. Kafin la'asar an yi mata salla a Harami.

Muka fara bin gidaje da yamma bayan an tashi aiki. Tambaya ɗaya muke yi: a nan kuke kwana? Ni ke tuƙi, mai lantarki ke ƙwanƙwasa ƙofa, malam ke sa ɗigo a taswirar da ya bugo. Ana ba mu shayi, ana yi mana gori, wata tsohuwa ta ce ashe yanzu sai an nuna mana katifa kafin a ɗaga hannu. Suna dariya, ni ma ina buɗe baki.

Da ɗigogin suka cika, abin ya fito fili. Akwai babban titi da ya ratsa inda mutanenmu suke a Jurf, ya raba gidajen kusan daidai. Yaro ma zai ce nan ne layin. Amma mutanen Baba, 'yan tsohuwar unguwa, rabinsu na wannan gefe, rabinsu na wancan. Idan layi ya bi titi, a kowane ɓangare sababbin zuwa sun rinjaye su, su kuwa ba su san Baba ba, nasu za su zaɓa. Aikin da ya yi rayuwarsa a kai ya ƙare ke nan.

Malam ne ya zo da wata taswirar. Ya shimfiɗa ta a kan motata bayan sallar la'asar, ya ja layi da jan biro. Layin ya bi titi kaɗan, ya tsallaka, ya ɗauko gida uku, ya dawo, ya zagaye bayan masallaci, ya sake tsallakawa. Duk inda ɗan tsohuwar unguwa yake, layin ya je ya ɗauko shi.

Mai lantarki ya ce, "Wannan layi ne ko wayar da ɓera ya ci?"

Malam ya ce, "Ya akhi, adadin gidaje daidai ne, ƙirga ka gani. Ba mu karya doka ba. Ammi ne fa, Babanmu ne. Shi ya binne ubana, shi ya binne kakata. Haram mu yi masa haka."

"Su waɗanda ka bari a waje ba su da uba?"

Suka juyo suka dube ni. Na ce mu bi layin da mota mu gani. Ban faɗi haka don hikima ba, tuƙi ne kawai abin da nake iya yi ba tare da tunani ba.

Muka bi shi. Na juya kan mota ya fi sau goma. A ƙarshe layin ya kai mu wani bene mai hawa huɗu, ya shiga cikinsa: hawa na biyu na ɓangaren Baba, sauran na ɗaya ɓangaren. Muna tsaye a matakala sai wata mata ta leƙo daga hawa na uku, da yara biyu a bayanta. Matar telan nan ce da ya rasu. Ta gaishe mu, ta ce ta ji ana raba unguwa. "To mu a ina muka faɗa?"

Malam ya duba takardarsa. A taswirarsa, ɓangarenta ya tsinke kashi biyu, ita tana wani ɗan tsibiri, sauran mutanenta suna can ƙetaren titi da nisa. Duk wanda suka zaɓa, daga can zai fito. Mai lantarki ya ce mata, "Ba a gama ba tukuna, hajiya."

Da muka sauko na karɓi biron. Na so in ji wani abu, wallahi na so. Na tuna Baba a kan matakalar ofis yana haki, na tuna fuskar matar nan, na jira zuciyata ta karkata wani gefe. Shiru. Sai na aza biro a kan titi na ja shi miƙe daga sama har ƙasa, yadda nake bin sa da mota kullum. Mai lantarki ya sa hannu. Malam ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Khalas, shi ke nan," ya sa nasa. Ya ce amma shi ba zai iya gaya wa Baba ba. Na ce ni zan je.

Washegari da yamma na same shi a ƙofar gidan 'yarsa, a kan kujerar roba. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe taswirar a kan gwiwarsa. Idonsa ya yi rauni, sai da ya bi layin da yatsa.

"Titi kuka bi."

"Titi muka bi, Baba."

"Wa ya ja?"

"Ni."

Ya gyaɗa kai. "Hannunka bai yi rawa ba." Ban san yabo ne ko zargi ba, har yau ban sani ba. Ya tambaye ni gidan wane da gidan wane, ina gaya masa, wannan gabas, wannan yamma. Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

An yi zaɓe bayan Hajji. Baba bai tsaya ba, ya ce ba zai sa mutanensa ɗaga hannun banza ba. A ɓangarensa wani mai sayar da kayan gyaran mota ya ci, ɗan Sudan, mutumin kirki, amma bai taɓa shiga gidan Baba ba.

Bayan mako guda Baba ya aiko in zo. Na tarar da shi a kujerar nan, wayarsa a hannu. Ya ce, "Ɗana, shekara da shekaru ni ake bugawa. Jiya na zauna ina tunani, ashe ban san wanda za a buga wa ba idan tawa ta zo." Ya miƙo mini wayar. "Sa mini lambar sabon wakilin. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, yadda 'yata za ta gani ba sai ta nema ba."

Na karɓa. Lambar tana cikin wayata, na fara kwafa. Na kai rabi sai lambobin suka dushe, na goge idona, suka sake dushewa. Tun ranar jana'izar matata ban zubar da hawaye ba, sai ga shi a bakin titi, a gaban mutumin da na raba da aikinsa, ina kuka kamar za a cire mini haƙarƙari. Baba bai ce in yi haƙuri ba. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya taɓa wayar da yatsa.

"Ƙarasa mini," ya ce.