Kwantaccen Cikin Yaya

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da wata ƙawata ma'aikaciyar jinya, wadda sai da na yi ta magiya kafin ta ba ni Asabar ɗinta. Ƙauyenmu da ke gaba da Minjibir muka nufa, wajen yayata da ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. Shekara biyu ke nan tana cewa tana da ciki amma ya kwanta, tana ta shan jiƙe-jiƙe don ya tashi. Yaya ta doshi hamsin, kuma Allah bai taɓa ba ta haihuwa ba. Na san babu cikin nan, amma bakina ya kasa faɗa mata, shi ya sa na ɗauko mai faɗa.

A motar haya an cusa mu kamar buhuna, direba kuwa duk wanda ya ɗaga hannu ɗan'uwansa ne. Ƙarshen damina ne, gero ya nuna har an fara yanka, dawa tana nan tsaye. Gonaki sun haɗe da juna, ba ka gane iyaka sai da layin gamba ko lalle. A Minjibir muka karya da koko da ƙosai, muka sayi dafaffiyar gyaɗa da ta fi ta birni araha da zaƙi, sannan babur ya ƙarasa da mu.

Mun tarar da Yaya a gindin darbejiya da mafici, gumi yana keto mata, alhali garin da sanyinsa. Sai da ta dama mana fura ta ga mun sha, sannan ta yarda muka shiga ɗaki. Ƙawata ta duba ta, ta yi tambayoyi, ta ce za a tabbatar da gwaji a asibiti, amma alamun na ɗaukewar al'ada ne. Ta yi bayani a hankali. Ƙwaƙwalwa takan aika wasu sinadarai da ake kira homon ta cikin jini zuwa ma'ajiyar ƙwan mace, can ma a mayar mata da wasu. Idan shekaru suka ja, waɗanda ake mayarwa sukan ragu, sai ƙwaƙwalwar da ta saba da su ta rikice na wani lokaci. Daga nan zafin jiki yake zuwa, da rashin barci, da mantuwa, da kuka ba dalili. Na maza kuwa kaɗan-kaɗan yake raguwa, shi ya sa in ƙarfinsu ya ragu sukan ɗora wa fartanya laifi.

Na sunkuyar da kai ina jiran kuka. Sai na ji Yaya ta ce, "Malama, wato ba taɓuwa nake yi ba?"

"Hankalinki kalau, Yaya."

Ta juyo gare ni. "Auta, ai na san babu komai a cikin nan. Ranar da na zuba gishiri a koko, na zauna ina hawaye, na ji ana raɗa wai iska ce ta shige ni. Mai ciki kuwa kome ta yi sai a ce laulayi ne."

Kunya ta kama ni, wallahi. Shekara biyu tana tsoron haukacewa ita kaɗai, ni kuma ina birni ina tausaya mata a kan haihuwa.

Bayan la'asar muka juyo da ƙullin daddawa da kuka, muka iso gida gab da magariba. Tafiyar nan ta koya mini cewa jikin mace yana da zango-zango, kuma a wajenmu na farko kawai ake koya wa 'ya mace, na ƙarshen sai kowa ta nema wa kanta sunan da za a bar ta ta zauna lafiya.

Ina cire mayafi Yaya ta bugo da wayar mijinta. "Ki ce wa Malama ta dawo ranar da ba kasuwa. Mu huɗu ne a unguwar nan masu irin wannan cikin."