Gayyar Labbo Mai Kafe

Labbo maƙwabcina ne a Bazaga. Dangar kara ce ta raba mu, don haka duk abin da ya karya da shi, hancina ya riga ya shaida. Tare muka tashi, ƙwarya guda muka sha kunu, kuma shi ne mai lashe ludayi ciki da baya. Bayan yunwar tamanin da huɗu ya tahi Abijan, ya yi shekara biyar yana gadin gidan wani Bature. Ya dawo da rediyo, da agogon da ba ya tahiya, da wata sabuwar cuta: wai cikinshi ya daina karɓar ɗumame.

Kullum da safe sai ya fiddo kujera ƙofar gida, da kafe, gahawar nan ta Turawa, cikin kofin tangaran, da burodin da ake kawo mishi daga Konni ran kasuwa, wanda in ya kwana huɗu ana iya jifar kura da shi. Nan yake karanta muna duniya. Wai mutanen Abijan da rogo da kifi suke karyawa, Buzayen Agadas da shayi da cuku, maigidanshi kuwa burodi da man shanu kaɗai, ga shi jirgin sama yake shiga kamar amalanke. Mu da ke cika ciki da tuwon jiya, in ji shi, shi ya sa kanmu ya yi nauyi. Matarshi Saude kuwa ko a jikinta. Ɗumamenta take ci da 'ya'yanta.

Da damina ta kama, haki ya taso ma gonarshi, lokacin noman fari na shirin wucewa, sai ya kira gayya. Saude ta jiƙa gero za ta yi hura, ya hana, ya ce tashi gayyar ta zamani ce. Maza ashirin muka hallara bakin gona, aka miƙa ma kowa rabin burodi da kofin kafe. Ƙasimu, wanda ke jan gayya a garinmu, ya juya nashi burodin, ya tambaya cikin ladabi ko wannan na taɓawa ne kafin abinci ya iso.

Gaskiya kafen ya yi aiki da farko. Muka afka ma haki har makaɗi ya kasa bin mu, Labbo na ta hararata, ni mai cin ɗumame, yana murmushi. Amma tun rana ba ta kai tsaka ba hauyoyi suka fara kwantawa. Zuciya na kalangu, ciki kamar rumbun bazara. Duk muka taru gindin aduwa, ko sulusin gonar ba a yi ba.

Ƙasimu ya ce, "Labbo, Baturenka da alƙalami yake noma. In babu hura, mun tashi, gobe kuma gonar Rabilu muke."

Kowa ya san in muka tashi, haki ne zai ci geron bana. Labbo ya dubi agogonshi da ba ya tahiya, ya nufi gida. Na bi shi, wai ruwa zan sha.

Ya tsaya bakin ɗakin Saude yana sosa ƙeya. "Uwargida, geron nan da kika jiƙa fa?"

"Wane gero? Ai na ɗauka cikin gidan nan ya daina karɓa."

Ta bar shi tsaye har ya gama kallon ƙasa, sannan ta zagaya bayan rumbu ta ɗage faifai. Manyan ƙore biyu na hura, an dama da nono tun hantsi. Shi ya ɗauki guda a kai har gona, ni na ɗauki guda, kuma kafin ya miƙa ma Ƙasimu ludayi sai da ya sha bakwai, wai ɗanɗanawa yake. Muka kai ƙarshen gonar ana kiran la'asar.

Har yau Labbo na fiddo kujerarshi da kofin tangaran, yana ba mu labarin karin kumallon ƙasashe. Sai dai kafin ya fito, ta kafar danga nakan gan shi durƙushe gaban tukunyar Saude, yana kankare ƙanzo.